Takardar Tarihin Kai da Shekarun da Daji Ya Cinye

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya kusa sauke karatu a cikinmu ya san akwai wata takarda da ke jiransa a bakin ƙofa, wadda ba malami ne zai rubuta masa ba. Ita ce takardar tarihin kai, wadda 'yan boko suka saba kira Si-Bi. Asalin sunan daga harshen Latin yake, ma'anarsa kuwa tafiyar rayuwa. To, idan tafiyar ta bi miƙaƙƙiyar hanya, daga firamare zuwa sakandare zuwa jami'a ba tare da tuntuɓe ba, rubuta ta ba wuya. Amma ina labarin wanda tafiyarsa ta ratsa ta daji?

Muna nufin 'yan'uwanmu na Tabanni da maƙwabtanta, irin su Kuyello da Kutemeshi da Dogon Dawa, a gabashin ƙasar Birnin Gwari. Ƙasa ce ta noma, mai albarkar masara, amma 'yan bindiga suka mai da dazuzzukanta mafaka shekara da shekaru. A watan Mayu na 2018 kuwa an kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska a rana ɗaya. A watan Maris na 2021 aka shiga makarantar firamare ta Rama aka tafi da malamai 3. A wannan shekara kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankin tun daga ƙarshen Satumba har zuwa ƙarshen Nuwamba. Sai a ƙarshen 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari wadda ta daɗe a rufe. Daɗa a kan wannan ga annobar korona ta 2020, ga yajin aikin malaman jami'a na wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022. Yaron da ya taso cikin wannan hali, in ya zo jera shekarunsa a takarda, dole a ga giɓi, dole kuma shekarunsa na haihuwa su zarce na tsaransa na birni.

A nan ne Shaiɗan ke samun ƙofa. Kamfanoni da bankuna da yawa sukan ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka, sa'an nan dokar bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, ta ce wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama jami'a ba zai tafi hidima ba, sai dai a ba shi takardar ɗauke nauyi. Saboda haka sai ka ji ana ba mutum shawara ya je kotu ya yi rantsuwa ya zabge shekara 3 ko 4, ko ya ƙirƙiro wani aikin da bai taɓa yi ba don ya toshe giɓin. Ra'ayinmu shi ne wannan shawara guba ce, kuma gara a bayyana giɓin da a lulluɓe shi da ƙarya.

Dalili na farko, ramin ƙarya ƙurarre ne, yanzu kuwa ya ƙara ƙurewa. Ranar haihuwar mutum tana rubuce a lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, da lambarsa ta banki, da rajistar hukumar JAMB, wadda tun 2021 ba ta karɓar ɗalibi sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. In ɗaya ta saɓa wa sauran, kwamfuta ce za ta tona asiri, ba maƙiyi ba. Mu tuna da Salisu Buhari, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a watan Yuni na 1999. Mujallar The News ta fallasa cewa ya ƙara wa kansa shekaru, kuma digirin da ya ce ya samo a Jami'ar Toronto babu shi. Bai cika wata 2 a kan kujera ba ya sauka. Haka nan Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin Ministar Kuɗi a watan Satumba na 2018 a kan takardar ɗauke nauyin bautar ƙasa, ko da yake ta ce ba ta san jabu ce ba, wasu ne suka karɓo mata. Darasi biyu ke nan: kada mu ƙirƙira, kada kuma mu aiki ɗan tsakani ya karɓo mana takarda. In gemun manya ya kama wuta, mu da ba mu da kowa sai mu shafa wa namu ruwa.

Dalili na biyu, shekarun nan ba fanko ba ne. An horar da mu da cewa yabon kai jahilci ne, gaskiya ne kuwa. Amma faɗin abin da mutum ya aikata da hannunsa shaida ce, ba yabo ba. Wanda ya riƙe gonar gidansu bayan an raba shi da mahaifinsa, wanda ya tara yaran 'yan gudun hijira yana koya musu karatu, wanda ya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar manoma ko ya taimaka a ɗakin shan magani, duk aiki suka yi. A rubuta shi da sunansa da shekararsa da adadinsa. Maimakon a ce "ni mai ƙwazo ne da riƙon amana", wanda kowa ke rubutawa, sai a ce, alal misali, "2021 zuwa 2022: na koyar da yara 40 lissafi da Hausa a makarantar sa-kai." Inda karatu ya tsaya cik, layi ɗaya ya isa: "An rufe makarantarmu saboda rashin tsaro." Ba wurin koke ba ne, ba kuwa wurin roƙo ba.

Game da tsarin takardar, kada ta wuce shafi 2. A fara da suna kamar yadda yake a takardun shaida, harafi da harafi, don wanda yake Muhammad a nan, Mohammed a can, ya jawo wa kansa zirga-zirgar kotu. A sa lambar waya da adireshin imel mai ɗauke da sunan mutum, ba laƙabin wasa ba; mutumin Tabanni kuma ya ƙara da lambar wani ɗan'uwa a Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, domin 2021 ta koya mana layi na iya ɗaukewa. A jero karatu da ayyuka daga na baya-bayan nan zuwa na farko. Masu tsaya wa mutum shaida su zama waɗanda suka san aikinsa, kuma a nemi izninsu tukuna. Malamin da ya duba kundinka ya fi babban mutumin da bai san fuskarka ba. Wanda takardunsa suka ƙone ko suka salwanta wajen gudu, akwai halattacciyar hanya: rahoton 'yan sanda, da rantsuwar kotu a kan ɓatan, sa'an nan a koma ga hukumar da ta ba da takardar. WAEC ma tun 2022 ta buɗe hanyar karɓar takardar shaidarta ta intanet.

Mun san wani zai ce duk wannan wahalar banza ce, tun da mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ba mu musun cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan. Amma wanda ba shi da uwa a gindin murhu ai shi ya fi bukatar takarda mai tsabta, don ita kaɗai ce za ta yi magana da bakinsa a ɗakin da ba a bar shi ya shiga ba.

Kiranmu biyu ne. Ga masu ɗaukar ma'aikata, musamman hukumomin gwamnati da sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta musu tafiya da kowane yanki, muna roƙon su sassauta ƙa'idar shekaru ga waɗanda rashin tsaro ya jinkirtar, don ba su suka rufe makarantunsu ba. Ga ƙungiyarmu kuma, ya kamata ta keɓe rana a kowane zangon karatu inda malamai da tsofaffin ɗalibai za su zauna su duba takardun 'yan ajin ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, ya ba mu abin yi na halal, amin.