A Kan Gonar Wa Ake Gina Gidajen Nan?

Malam Edita: Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan yadda gine-gine ke cinye mana gonaki.

Duk mai bin hanyar Katsina ya ga yadda birni ya haɗe da Dawanau, ga kuma gidajen Bandirawo da gwamnatin Kwankwaso ta gina tsakanin 2011 da 2015. Ba ma ƙin gini, amma fa a kan gonar wa?

Dokar ƙasa ta 1978, ta zamanin Obasanjo, ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. In an karɓi gonarka don amfanin jama'a, diyyar shuka da itatuwa da gini za ka samu, ita ƙasar kanta ba a biya. To mu nan Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta ba a hutar da gona, taki ake kai mata a kan jaki duk rani tun kakanni. Wa ke ƙiyasta wannan? Sai a ƙirga ɗorawa biyu da kuka ɗaya, a ce an sallame ka.

Sannan wanda ya sayi gidan a ba shi satifiket na shekara 99, har banki ya karɓa jingina. Manomi kuwa shaidarsa mai unguwa da dagaci.

Dokar nan dai ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar gonakin karkara. Shugabanninmu su sauƙaƙa mana samun ta tun kafin masu awo su iso. Wanda aka karɓe wa gona kuma a ba shi fuloti a cikinta, da takardarsa.

Wassalam.

Manomi mai kishin gona,
Dawakin Tofa, Jihar Kano.