Haƙƙin Tana a Wuyanmu

Ina da shekara tara na fara kashe tana da gangan. An kwana ana ruwa a Samaru, da safe muka tarar da ita shimfiɗe a tsakar gida. Ni da ƙanena muka ɗebo gishiri a madafa muka barbaɗa mata, muka tsaya muna dariya har ta daina motsi. Babu wanda ya tsawata mana. Goggo cewa kawai ta yi mu share ƙazantar. Sai da na shiga jami'a na gane abin da muka aikata: tana ba ta da huhu, da fatarta mai laima take numfashi, gishiri kuwa zuƙe ruwan jikinta yake yi. Ƙishirwa muka kashe ta da ita, ga ruwa kwance ko'ina a gidan.

Da wannan kalma ta ƙazanta nake jayayya, domin ta jawo mana asara. Tana takan ci ruɓaɓɓen ganye haɗe da ƙasa, ta fitar da kashi mai laushi wanda saiwar shuka ke samun abinci a cikinsa. Ramukan da take haƙawa su ne hanyoyin da iska da ruwan sama ke bi su ratsa ƙasa, maimakon ruwan ya kwarara ya tafi da albarkar gona. Idan rani ya yi, sai ta nutsa ta naɗe jikinta ta jira damina. Wane ɗan ƙwadago ne zai yi wa manomi huɗa da zuba taki dare da rana bai nemi ko sisi ba?

Charles Darwin, masanin halittu na Ingila, ya shafe kusan shekara 40 yana lura da ita. Littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, a kanta ya rubuta shi. Har busa aka yi mata don a gane ko tana ji, ba ta kula ba, amma da aka ɗora tukunyarta a kan fiyano aka kaɗa, girgizar ta sa ta shige rami. Mu kuma, da muke maƙwabtaka da cibiyar binciken aikin gona da aka kafa a Samaru tun 1922, iyakar abin da yawancinmu muka sani game da tana shi ne a soka ta a ƙugiya a je kamun kifi a Kubanni.

Na ga sakamakon wannan raini a gonar mahaifina da ke wajen Bomo. Da muna yara, fartanya ɗaya za ka sara ka ga tana uku ko huɗu. Bara na yi noma wuni guda, da ƙyar na ga biyu. Shekara da shekaru muna kwashe kara, muna ƙone sauran, muna feshi ba awo. Wuta da shara sun hana ta abinci, wasu magungunan ƙwari kuma kashe ta suke yi kai tsaye. Ƙasar ta yi tauri, buhun takin da muke zubawa yana ƙaruwa, amfanin bai ƙaru ba.

Za a ce mini baki ya yi yawa, tana ba za ta ciyar da Nijeriya ba. Ban ce a jefar da takin zamani ba. Amma taki abinci ne kawai, ba ya buɗe ƙasar da ta toshe. Abin takaici ma, wata irin tana da masana ke kira Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, ana kiwon ta a Indiya da Amurka don ta mayar da shara taki. Mu da muke da ita a gida, kullum yamma muna tsallake tarin ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon lemo a bakin kasuwar Sabon Gari muna toshe hanci. Wannan tarin takin gonakinmu ne muke barin sa ya cushe magudanar ruwa.

Ɗan'uwanta matsattsaku ma haka muka yi masa, muka mai da sunansa zagi ga mai naci. Alhali a 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince likitoci su riƙa amfani da shi wajen zuƙe jinin da ya taru bayan an ɗinke yatsan da ya gutsure. Aikin da wanzami ke yi da ƙaho, shi da bakinsa yake yi.

Mu masu alƙalami muna da kaso a laifin. Tatsuniya ta ba zaki sarauta, ta ba gizo wayo. Abubakar Imam ya naɗa aku waziri a Magana Jari Ce. Maroƙa kuwa da giwa da toron giwa suke kwatanta manya. A tatsuniyoyin da kakata ta yi mana kaf, tana ba ta samu ko gaisuwa ba. Mun saba yabon mai ƙarfi da mai baki, mun bar mai aiki a ɓoye, kuma yadda muke yi wa dabbobi haka muke yi wa mutane. A 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai a nan Zariya, suka kafa ƙungiyar masu zane, suna kiran a waiwayi abin gida. Ina ganin kiran bai ƙare ba sai mun sunkuya. Duk wanda ya dubi sawun tana a kan laka bayan ruwa zai ga lanƙwasa irin wadda maginan Zazzau ke zanawa a fuskar zaure.

Buƙatata ba ta da yawa. Manomi ya bar wa gonarsa wani abu na kara da ganye. Malamin firamare ya fita da yara bayan ruwa su tona ƙasa su gani da idonsu. Marubuci ya ba tana matsayi a labarinsa. Ni dai bana na hana a cinna wa gonarmu wuta, Baba ya yi mini kallon wanda boko ya ɓata, amma ya ƙyale ni. Ranar da na ga ɗan yayata ya nufi tsakar gida da gishiri a hannu, na riƙe hannun, na zaunar da shi, na ba shi labarin da ba a ba ni ba.