Zancen Gida: An Yi Wa Ungozomarmu Canji

'Yan'uwa, a watan jiya aka yi wa ungozomar ƙauyenmu canjin wurin aiki. Shekara huɗu tana tare da mu, ta san kowace mai ciki da sunanta. Sabuwar kuwa ba ta tare ba tukuna, domin ba ta da wurin kwana.

A cikin garin Daura kam mun gode Allah. Ga asibitin Sojan Sama da Shugaba Buhari ya buɗe a 2019, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya tana yaye 'ya'yanmu. Amma matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauyen Baure ko Sandamu, wa zai kai ta can?

Kada mu yi saurin cewa ma'aikata girman kai gare su. Wadda aka turo ba ɗaki, ba ruwa, tilas ta kwana a birni, ta zo da hantsi, ta koma da la'asar. Haihuwa kuwa ba ta duba agogo.

Saboda haka mu dattawa muka je wurin dagaci. Ya ba da ɗaki biyu, yaɓe da rufi namu ne. Ran Asabar za a kwaɓa ƙasa. Mai shebur ya zo da abinsa.