Kaza Ba Ta Gumi: Jan Kunne Ga Masu Kiwon Bayan Gida

Tun daga shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma kwaɗaita wa ma'aikata yin lambu da kiwo a bayan gidajensu, kiwon kaji ya zama abin rufin asirin ƙaramin ma'aikaci. Har gobe wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata yakan duba wajen 'yan kajinsa, haka ma ɗalibin da ke haɗa kuɗin rajista. Abin takaici shi ne yadda wannan ɗan jari yake salwanta duk shekara tsakanin watan Maris da Mayu, mai shi kuwa ya ce ƙaddara ce. Ni a ganina yawancin wannan hasara sakaci ne, da kuma raina abin da muka taras a gida.

Ya kamata mu fara sanin halittar kaza. Zafin jikinta yana wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ga gashi ya lulluɓe ta, ba ta kuma yin gumi kamar mutum ko doki. In zafi ya dame ta, iyakarta ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Da zarar zafin gari ya wuce digiri 30 ta shiga wahala ke nan, balle a Sakkwato ko Maiduguri inda yakan haura 40 a watan Afrilu. Daga nan sai ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi, domin yawan haki yana rage sinadarin da take gina ɓawon da shi. Kajin gidan gona masu saurin ƙiba su ne kan fara faɗuwa, galibi tsakanin azahar da la'asar.

To, ina laifin yake? Ɗan boko in ya tashi kiwo, sai ya gina ɗakin bulo, ya rufa kwano kusa da kan kaji, ya bar 'yar taga ɗaya, wai shi zamani. Da rana ta take, kwanon nan ya zama tanda. In aka yi masa magana sai ya ce ai ba shi da kuɗin fanka, kamar dai wutar lantarkin tamu abin dogaro ce. Alhali tsohuwar da ke ƙauyensu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, kajinta na kwance a gindin rumbu ko ƙarƙashin darbejiya, ruwansu na cikin kasko a inuwa. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Maganin ba mai tsada ba ne. Wanda ya riga ya rufa kwano, ya shimfiɗa zana ko karan dawa a kansa, ko ya shafe shi da farar ƙasa don ya mayar da hasken rana. Wanda bai gina ba tukuna, ya miƙe tsawon ɗakin daga gabas zuwa yamma, ya ɗaga rufin, ya sa wayar raga a gefe biyu iska ta ratsa. A rage cunkoso, domin kowace kaza murhu ce ga 'yar'uwarta. Inda iska take a bushe, kafin saukar damina, tsohon buhu da aka jiƙa aka rataya ta inda iska ke shigowa yana sanyaya ɗaki ƙwarai, haka ma yayyafa ruwa a wani gefe na ƙasa inda za su kwanta.

Ruwan sha shi ne kan gaba. A bazara kaza takan ninka abin da take sha, kuma ba ta son ruwan da ya yi ɗumi. A ajiye shi a randa ko tulu, a sauya na kasko sau uku a yini, kada a bar shi a rana. Abinci kuwa a ba da shi da asuba da kuma bayan la'asar, domin narkar da shi yana ƙara zafin jiki. Cika musu ciki da hantsi kamar ƙara wa wuta itace ne.

Wani zai ce zana tana tara ɓeraye da ƙuma, ga tsoron gobara. Gaskiya ne, amma share ɗaki, da zuba toka inda suke birgima, da nisantar da murhu, duk ba su kai kuɗin kaza goma ba. Wani kuma zai ce wannan komawa baya ne. Sai mu tuna masa da Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ilminsa bai hana shi duba tukunyar gidansu ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, musamman na fannin aikin gona da likitancin dabbobi, in an tafi hutu a zaga akurkin dangi da maƙwabta, a nuna musu waɗannan abubuwa. Ma'aikata kuma su nemi zana da randa tun watan Fabrairu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu dace.