A Mayar Mana da Bindigogin Iskarmu, Amma da Sharaɗi

Tun watan Rajab bindigogin iska guda bakwai ke kulle a akwatin ofis, kuma mu 'yan babban aji muna da magana a kai. Da ladabi za mu faɗe ta.

Ga wanda bai taɓa gani ba: gorar lemo ce ta roba, da guntun bututun ruwa, da bawul ɗin tayar keke, da kan famfo. Yawancinsu a bolar Gbalahi muka tsinto, can inda motoci ke juye sharar Tamale. Ana buga iska da famfon keke ta matsu a cikin gorar, in an murɗa kan sai ta fito gaba ɗaya ta tura abin da ke cikin bututun. Harsashin kuwa soson tsohuwar katifa ne, ko balan-balan da ruwa.

Mun san dalilin ƙwacewa. Wani ƙanenmu ya cusa tsakuwa a cikin soso, ta sami wata yarinya a ƙasan ido. Allah ya tsare, amma kwana shida tana zuwa karatu da kumburi. Malam ya tuna mana hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka hana wurgi da tsakuwa saboda tana fasa ido, tana karya haƙori. Wallahi kunya ta kama mu, don mu muka koya wa yaron haɗawa.

To amma Malam, ai ku kuka karantar da mu a Usulu cewa hukunci yana tafiya da illarsa. Illar a nan tsakuwa ce da nufin fuska. Soso bai taɓa karya haƙorin kowa ba.

Kuma abin ba shirme ba ne. A Bagadaza, a ƙarni na 9, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku sun rubuta Kitabul Hiyal, mai na'urori kusan 100, da yawansu da iska da ruwa suke aiki. A 1662 Robert Boyle ya bayyana cewa in aka matse iska a ƙaramin wuri ƙarfinta yana ƙaruwa. Mu da yatsa muka fara ganewa, ranar da gora ta yi tauri kamar dutse. A nan ma muka koyi tsoronta: gorar da rana ta cinye, ko bututun da ya tsage, fashewa suke in an cika bugu.

Tun da aka kulle kuma, ƙanana sun koma danƙo a bayan katanga. Da me ake harba danƙo? Tsakuwa.

Batun balan-balan dai ba mu da hujja, mun sallama. A rani, in ruwan Dalun ya yi makonni bai zo famfo ba, iyayenmu mata na sayen jarka da kuɗi, fasa shi a ƙasa israfi ne. A bar shi sai damina.

Roƙonmu: a ba mu ranar Alhamis da la'asar, tunda babu karatu. Soso kawai, a harbi kwali, ba mutum ba, babban ɗalibi ya duba kowace gora kafin a buga mata iska. Makulli ya zauna a hannun Malam. Yarinyar ma ta ce tana so a fara da ita.