Ma'aunin Rayuwa da Gidan Gwammaja

In aka tambayi mutum abin da ya sa ake wahalar duniya, yawanci sai ya ce don a samu rufin asiri, a bar wa na baya abin da za su riƙe. Wannan amsa ba ta da laifi, amma ba ta isa ta bayyana sha'anin wasu bayin Allah ba, irin marigayi Malam Aminu Kano.

An haife shi a birnin Kano cikin 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, har aka aika da shi Ingila ƙaro ilmi cikin 1946. A zamanin nan malamin da ya je London ya komo, to hanya a share take gare shi: albashi, girma, watakila ma sarauta. Sai ga shi cikin 1950 ya ajiye aikin koyarwa a Maru, ya shiga NEPU, watau jam'iyyar neman sawaba, wadda magoya bayanta suka sha ɗauri da bulala a hannun En'e.

To, in da nasara ake auna mutum, lalle lissafin Malam bai cika ba. Cikin 1954 Maitama Sule ya kayar da shi a zaɓe, sai 1959 ya sami shiga majalisar tarayya. Ya riƙe kwamishina a gwamnatin Janar Gowon, amma da ya nemi shugabancin ƙasa a ƙarƙashin PRP cikin 1979 bai samu ba. Abin da ya fi wannan ciwo kuwa shi ne, jam'iyyar da ya kafa ta dare biyu a kan idonsa, 'yan taɓo gefe, 'yan santsi gefe, almajiran da ya rena suna jifan juna da baƙaƙen maganganu. A cikin wannan hali ya cika, ran 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin wani zaɓen.

Sai dai akwai wani lissafin da ba a rubuta shi a takardar zaɓe. Manomin da a dā in ya hangi dogari sai ya tuɓe takalmi ya faɗi, shi ne ya koyi tsayawa ya tambayi dalilin kuɗin da aka ɗora masa. Haraji da jangali, waɗanda suka sa magidanta da yawa gudun gari, gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke su bayan zaɓen 1979. Malam bai zauna a kujerar gwamna ba, amma shekara talatin ya yi yana shukar abin da aka girbe ran nan. Matan da ya nace sai an ba su ilmi da ƙuri'a kuwa, tun ana yi masa dariya, sun jefa ƙuri'arsu a zaɓen 1979.

Masu cewa talaucinsa ne ya ɗaukaka shi sun yi kuskure, don matalauta sun fi a ƙirga, kuma ba a tuna su. Shi dama ta zo masa har ƙofar gida, ya san abin da ya sa ya kau da kai.

A gidansa na Gwammaja aka binne shi. Yanzu gidan, da ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, ɗalibai na shiga suna nazarin dimokuraɗiyya.