Teku Ba Ta Jiran Takarda

A watan Yuli na shekarar 2025 ne Gwamnatin Jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka ta ba da sanarwar cewa ta soke wani gagarumin aiki na farfaɗo da gaɓar teku, wanda ake kira aikin Barataria ta Tsakiya, bayan an yi shekara da shekaru ana shirinsa, an kuma riga an kashe masa fiye da dala miliyan 500. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Nijeriya da abin da ya faru a wata jiha ta Amurka. To, amma Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar nan tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma teku tana cin ta kullum. Saboda haka ya kamata shugabanni da talakawa su tsaya su dubi yadda wannan al'amari ya gudana tun daga farkonsa.

Asalin ƙasar kudancin Luwiziyana laka ce wadda Kogin Misisifi ya yi dubban shekaru yana kwasowa daga tudu, yana zubarwa a bakin teku duk lokacin da ya yi ambaliya. Bayan babbar ambaliyar 1927, wadda ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, sai Gwamnatin Amurka ta ƙarfafa ganuwoyin ƙasa a gefen kogin dama da hagu domin a tsare garuruwa da gonaki. Garuruwa sun tsira, amma lakar da take gina ƙasa ta daina isa fadamu, sai ta riƙa wucewa kai tsaye cikin zurfin teku. Daga baya kamfanonin mai suka haƙa magudanu barkatai a cikin fadamun, ruwan gishiri ya sami hanyar shiga yana kashe ciyawa da itatuwa, ƙasa kuma tana lotsawa, ruwan teku yana ƙara hawa. Daga 1932 zuwa 2016 jihar ta yi asarar ƙasa kimanin murabba'in mil 2,000. Masanan gwamnati sun ƙiyasta cewa a 'yan shekarun da suka gabaci 2017, fili mai girman filin ƙwallo ɗaya yana nutsewa a kowane minti 100.

Waɗannan fadamu su ne garkuwar birnin Niyu Oliyans da ƙauyukan da ke kewaye da shi, domin su ne suke rage ƙarfin igiyar ruwa idan guguwa ta taso daga teku. Jama'ar jihar sun ɗanɗana kuɗarsu a watan Agusta na 2005, lokacin da guguwar Katrina ta halaka mutum fiye da 1,000, ruwa ya shanye mafi yawan birnin. A ƙarshen wannan shekara ce jihar ta kafa hukuma ta musamman domin tsare gaɓar teku da farfaɗo da ita, daga baya kuma aka tsara shiri na shekara 50 wanda zai ci dala miliyan dubu 50. Kuɗin somawa ya zo ta wata hanya mai ɗaci. A watan Afrilu na 2010 wata rijiyar mai ta kamfanin BP ta fashe a cikin teku, ma'aikata 11 suka rasu, mai ya yi kwana 87 yana malala. A 2016 kotu ta amince da yarjejeniyar diyya ta fiye da dala miliyan dubu 20, kuma daga rabon Luwiziyana aka yi niyyar biyan kuɗin aikin Barataria.

Manufar aikin ba ta da wuyar ganewa. Za a fasa ganuwar kogin a wani wuri kusa da ƙauyen Ironton, a gina ƙofofi da babbar magudana, yadda in kogi ya cika sai a buɗe, ruwa ya kwashi laka ya kai ta cikin fadamun Barataria kamar yadda yake yi a zamanin da. An yi lissafin cewa cikin shekara 50 aikin zai gina ko ya tsare ƙasa kimanin murabba'in mil 21.

A nan ne maganar takarda ta shigo. Tun ran 1 ga Janairu, 1970, Amurka take da doka wadda ta tilasta a bincika illar da duk wani babban aiki zai yi wa muhalli kafin hukumar tarayya ta ba da izininsa. Jihar ta miƙa takardar neman izini ga Rundunar Injiniyoyin Soja a 2016. Daftarin rahoton bincike bai fito ba sai a watan Maris na 2021, cikakken rahoto ya biyo baya a Satumba na 2022, aka ba da izini a Disamba na wannan shekara, sa'an nan aka aza harsashi a Agusta na 2023. Watau an yi shekara 6 ana jiran izini kaɗai. Wannan kuwa ba wani abin mamaki ba ne a can, domin wani bincike da ofishin kula da muhalli na Fadar Shugaban Amurka ya fitar a 2020 ya nuna cewa irin wannan rahoto yakan ci shekara 4 da rabi a matsakaicin lissafi.

To, mene ne jiran ya jawo? Na farko, in an bi lissafin filin ƙwallo ɗaya a kowane minti 100, ƙasar da gaɓar jihar ta rasa cikin waɗannan shekaru 6 ta kai wajen ninki uku na abin da aikin zai gina cikin shekara 50. Na biyu, kuɗi ya yi ta hawa, har aikin da a da ake ƙiyasta shi ƙasa da dala miliyan dubu 2 ya kai kusan miliyan dubu 3. Na uku, wanda ya fi duka, siyasa ta juya. Gwamnonin da suka ɗauki nauyin aikin sun sauka, a Janairu na 2024 Gwamna Jeff Landry ya hau mulki, shi kuwa bai gamsu da aikin ba. Aka dakatar da gini a farkon 2025, Rundunar Injiniyoyi ta jingine izinin da ta bayar, kafin shekara ta ƙare aka binne maganar baki ɗaya.

Gaskiya ita ce masu adawa da aikin suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Masuntan yankin suna cin abinci ne daga jatan lande da sauran halittun ruwan gishiri, rahoton gwamnati kansa ya yarda cewa kwararar ruwan daɗi mai yawa za ta nakasa sana'arsu, za ta kuma kashe yawancin dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin waɗanda ke zaune a wurin. Wasu ƙauyuka da ke wajen ganuwa kuma za su ƙara fuskantar ambaliya. Talakan da aka ce masa ya saki sana'ar kakanninsa domin amfanin jikokin wasu yana da haƙƙin ya tambaya me zai ci gobe. Abin takaici shi ne an yi shekara 6 ana cika dubban shafuka da rubutu, amma ba a kai ga sulhun da masunta za su yarda da shi ba. An sami izinin hukuma, ba a sami yardar jama'ar wurin ba, kuma da gwamnati ta sake hannu sai wannan tsagar bango ta zama ƙofar da aka bi aka rushe aikin.

Kada wani ya ɗauka cewa maganin wannan ciwo shi ne a yi watsi da bincike. Ai ganuwoyin Misisifi da magudanun kamfanonin mai an yi su ne a zamanin da ba a tambayar abin da aiki zai haifar bayan shekara 50, ga shi yau jikoki suna biyan bashin. Haka abin yake a nan gida. Shingayen duwatsun da Turawan mulki suka gina a bakin tashar jiragen ruwa ta Legas wajen 1908 zuwa 1912 sun tare rairayin da igiyar ruwa take kawowa daga yamma, saboda haka teku ta yi kusan shekara 100 tana cin gaɓar Bar Beach, har ruwa ya riƙa hawa kan titi yana shiga ofisoshi. Kuma sai da aka jibge gubar masana'antu daga Italiya a garin Koko, asiri ya tonu a 1988, kafin Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli, sa'an nan a 1992 ta kafa Doka ta 86 wadda ta wajabta binciken illar ayyuka. Wannan doka an saye ta da tsada, ba abin wasa ba ce.

Amma ciwon Nijeriya ya kasu biyu. Inda aiki yake na gyaran ɓarna ne domin talakawa, sai a yi ta jan ƙafa. A watan Agusta na 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa rahotonta kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ƙasa da ruwa da itatuwan bakin teku da mai ya kashe zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar a soma da dala miliyan dubu 1. Sai a Yuni na 2016 aka yi bikin ƙaddamar da aikin a garin Bodo, kuma aka sake yin shekaru kafin 'yan kwangila su shiga fili sosai. A Jihar Ondo, garin Ayetoro wanda aka kafa a 1947 ya rasa babban sashensa ga teku, alhali an ba da kwangilar tsare gaɓarsa fiye da sau ɗaya tun cikin shekarun 2000. Inda kuwa aiki yake da masu gata a bayansa, sai gaggawa ta zo. Da aka soma babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, ƙungiyoyi da mazauna wurin sun yi ta kuka cewa an fara rushe gine-gine kafin jama'a su ga cikakken rahoton bincike. Duka biyun zalunci ne a kan mai ƙaramin ƙarfi, ɗaya ya bar shi a bakin ruwa, ɗaya ya bi ta kansa.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga Majalisar Tarayya da Ma'aikatar Muhalli da gwamnatocin jihohin bakin teku su ɗauki waɗannan matakai.

Na farko, a sa wa bincike wa'adi a cikin doka. Amurka kanta ta gane haka, domin a 2023 Majalisarta ta ƙayyade cewa babban rahoto kada ya wuce shekara 2, ta kuma iyakance yawan shafukansa. Ma'aikacin da ya riƙe fayil ya wuce wa'adi ba tare da dalili ba, ya kamata ya zo gaban kwamitin majalisa ya yi bayani.

Na biyu, a ɗora alhakin kowane aiki a kan ofishi guda ɗaya, wanda zai tattara ra'ayin sauran hukumomi a lokaci guda. Yawo da fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kowa yana jiran sa hannun wani, shi ne yake cinye shekaru.

Na uku, duk rahoto ya ƙunshi lissafin abin da za a rasa in ba a yi aikin ba, da abin da kowace shekarar jinkiri za ta ci na gonaki da gidaje da makarantu. Aikin da zai mayar da ƙasar da ta ɓata bai kamata a jera shi layi ɗaya da aikin haƙar mai ba, domin a wurinsa jinkiri kansa ɓarna ne.

Na huɗu, a zauna da masunta da manoma da sarakunan gargajiya tun ranar farko, a yi musu bayani da harshensu, a yanke maganar diyya a rubuce, a kuma ajiye kuɗinta kafin a kawo katafila. Ajiye kundin rahoto da Turanci a sakatariyar ƙaramar hukuma na 'yan makonni bai isa a kira shi shawara da jama'a ba.

Na biyar, a ba ma'aikatar isassun injiniyoyi da masana da kayan awo, a biya su albashin da zai tsare mutuncinsu. Sau da yawa abin da ake kira jinkirin doka ƙarancin ma'aikata ne kawai. Kuɗin irin waɗannan ayyuka kuma a killace shi a asusu na musamman wanda doka ta tsare, domin sauyin gwamnati kada ya zama ajalin aikin da aka riga aka zuba wa dukiyar jama'a.

Kada mutanen da ke nesa da teku su ce wannan ba maganarsu ba ce. Tashoshin Legas da Fatakwal da Warri su ne ƙofar da kayan masarufi suke bi su isa kasuwannin ƙasar nan duka, man da ake haƙa a bakin teku shi ne yake cika asusun da ake raba wa jihohi, kuma 'yan kasuwa da leburori daga kowane sashe suna zaune da iyalansu a unguwannin da ruwa yake yi wa barazana. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan gaskiya ne ga matafiyin da garin da zai je yake tsaye yana jiransa. Mutanen Ayetoro kuwa garinsu ne yake tafiya, kuma duk damina da ta wuce ba a yi kome ba, akwai gidajen da ba za a sake ganinsu ba. Wajibi ne wakilan jama'a su sa wannan magana a gaba tun a zaman majalisa mai zuwa.